Alƙalamin Zanen Ƙarfe: A Saya Ko a Ƙera?

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa, ƙarfe mai rubutu a jiki bai rasa masu nema ba a garin. Ofis yana son allon suna a ƙofa. Ginin da za a buɗe sai an manna masa allo mai sunan wanda ya yanke ƙyalle. Makarantu na raba kofuna da lambobin yabo, ga Jami'ar Tarayya, ga Kwalejin Isa Mustapha Agwai. Ban da na hukuma akwai na cikin gida: zoben azurfa da ake so a sa wa suna, farantin da uwar amarya ke so a rubuta sunan 'yarta a gindinsa don kada ya salwanta a gidan biki, kayan doki da kuben takobi na hawan salla. Saurayin da ya dubi wannan ya ce zai koyi zanen ƙarfe da hannu bai yi wauta ba. Sai dai kafin ya ja layinsa na farko zai iske shawara ta rabu biyu a kan abin da zai riƙe a hannu. Wasu za su ce ya tara kuɗi ya sayo alƙalumman zane na kanti, har da na'urar wasa su. Wasu kuma za su ce ya nemi tsohon magagari ya tafi maƙera. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma ba girmansu ɗaya ba.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma in ba a raba su ba gardamar ba za ta fahimtu ba. Adon bugu daban, adon yanka daban. Farantai da butocin tagulla na Bida, garin da UNESCO ta sa cikin biranen sana'ar hannu a 2021, akasarin adonsu na bugu ne: maƙerin unguwar Tswata Mukun ya ɗora ƙarfe mai siffa a baki, ya buga da 'yar guduma, tagullar ta lotsa ta ɗauki siffar, ba abin da ya fita daga jikinta. A yanka kuwa, tsinin alƙalami ne ke shiga cikin ƙarfen, ya ɗebo siririn zare yana nannaɗe shi a gabansa, ya bar kwari mai sheƙi a baya. Mai bugu yana iya daɗewa bai taɓa bakin ƙarfensa ba. Mai yanka, da tsininsa ya ɓantare da abin da ido ba ya gani, alƙalamin zai zame ya tsaga aikin kwana uku, wani sa'in ya wuce ya sauka a tafin hannun hagu. A kan wannan ɗan tsinin da bai kai ƙwayar riɗi ba ake duk jayayyar.

Masu cewa a ƙera galibi dattawan sana'a ne, kuma daga aljihu suke fara hujja. Alƙalumman ƙwarai daga waje suke zuwa, daga Vallorbe ta ƙasar Suwizalan, ko daga kamfanin GRS da ke Emporia a jihar Kansas ta Amurka, kuma da kuɗin waje ake biya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, abin da ɗan koyo a can zai saya da kuɗin abincin rana ya zama jarin wata guda a nan. Ga kuɗin aikowa, ga jira, ga fargabar a buɗe kwali a tarar da jabu. Tsohon magagari kuwa, makaniki zai ba ka kyauta, ko 'yan gwangwan su sayar maka a kan kilo. Kuma ba ƙarfen banza ba ne. Magagari na ƙwarai yana ɗauke da sinadarin gawayi wajen kashi 1 cikin 100, irin ƙarfen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zane da shi kafin a san wani abu wai shi injin.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta kuɗi nauyi. Suna cewa a duba arewa. Maƙeran Buzaye na Agadas, inadan, su suka ƙawata giciyen Agadas da zanen da ya kai shi shagunan Faransa da Amurka, alhali kayan aikinsu ba su wuce sukurdireba da aka wasa, da ƙusa, da magagari, da gawayi da zuga-zugi ba. A Kano ma, inda aka daɗe da raba maƙeran baƙi masu garma da gatari da maƙeran fari masu azurfa da tagulla, kamar yadda Philip Jaggar ya bayyana a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin, ba wanda ya zauna jiran jirgi ya kawo masa kurfi. Dattijo zai kawo maka misalin makarantar allo: gardin da bai iya fiƙe alƙalaminsa na gamba ba, ranar da bakin ya buɗe sai ya zauna jiran wani, komai kyan hannunsa. "Kai ɗan nan," zai ce wa yaro, "kawo magagarin nan, zauna ka ga yadda ake yi."

Aikin kansa abin kallo ne. Za a sa magagarin a wuta ya yi ja, a binne shi cikin toka ya kwana yana hucewa a hankali. Da safe ya yi laushin da zarto zai ci shi. A yanko siririn tsinke, kaurin milimita 3 ko ƙasa da haka, tsawon kamar santimita 10, a goge haƙoran tas, domin daga gindin haƙori tsagewa ke farawa, a daidaita shi ya zama mai gefe huɗu. Sai ban ruwa. Bakin kawai ake sa wa wuta, kuma a inuwa, don a cikin rana ido ba ya karanta jan da ƙarfe ya yi daidai. Mai son tabbaci ya ajiye mayen ƙarfe kusa: da zafi ya kai digiri 770 ƙarfen ya daina manne masa, sai a ƙara ɗan kaɗan a tsoma shi a miƙe cikin mai. Zai fito da taurin da wani magagarin zai zame a kansa ba ya kamawa, amma da gautsi. Faɗuwa a kan siminti ma tana iya karya shi. Saboda haka sai a goge shi ya yi fari, a ɗumama shi daga baya, nesa da baki, a zuba ido launi yana tafiya zuwa tsini. Da launin busasshen kara ya iso, wajen digiri 230 ke nan, sai a sake tsomawa nan take. In aka yi sakaci shuɗi ya iso, an kai wajen 300, ƙarfen ya koma irin na sifirin, ba zai daɗe da kaifi ba. Wanda ya iya wannan, in ji dattawa, ba mai riƙe masa wuya. Ya karye, ya yi wani. Aiki ya nemi baki mai faɗi ko siriri ko mai lanƙwasa, ya ƙera kafin azahar.

Ban ga abin musantawa a nan ba. Abin da ɗaya ɓangaren ke tambaya shi ne: wa ake ba wannan shawarar, gwani ko ɗan koyo?

Masu cewa a saya, waɗanda yawancinsu matasa ne da suka ga aikin a waya kafin su gan shi a maƙera, suna da hujja guda da ta fi sauran nasu duka, kuma ita ce ta ja ni wajensu fiye da yadda na so. Ɗan koyo da ya riƙe alƙalamin da ya ƙera da kansa yana fama da duhu uku a lokaci ɗaya. Bai san ko ban ruwan ya yi ba, bai san ko washin ya yi ba, bai san ko hannunsa ya yi ba. Layi ya karkace, tsini ya karye a karo na biyar kafin la'asar: laifin wa? Ƙarfen ne ya yi gautsi, ko kusurwar ce ta yi siranta, ko shi ne yake danna hannu ƙasa? Ba shi da hanyar sani, domin bai taɓa riƙe mai kyau ya ji yadda yake ba. Sai ya gyara abin da bai lalace ba, ya bar wanda ya lalace. Da yawa a nan suke ajiye sana'ar, su ce ba su da baiwa, alhali ƙarfe ne ya ci amanarsu.

Kuma ban ruwan tsinke ba ban ruwan gatari ba ne. Maƙeran da yaron Lafiya zai fi samu kusa, a cikin gari ko ƙauyukan hanyar Doma da Shandam, aikinsu na manoman doya da riɗi ne: garma, fartanya, lauje, adda. Sun ƙware a ƙarfen da zai sha duka bai karye ba. A jikin gatari launi yana tafiya a hankali, akwai lokacin gani da yanke shawara. A tsinken milimita 3, daga launin kara zuwa shuɗi 'yan daƙiƙu ne, kafin ka ce "tsoma" ya wuce. Ga kuma matsalar ƙarfen kansa. Wasu magagarai masu araha fatarsu kawai aka taurara, cikinsu ƙarfe ne mai laushi, ko an ba su ruwa sau goma ba za su ɗauka ba. Rodin gini ba abin dogaro ba ne. Sifirin ɗin mota ya yi wa adda da kurfi, amma gawayinsa wajen kashi 0.6 ne, bai kai na magagari riƙe tsini ba.

Ba mu kaɗai ne ban ruwa ya wahalar ba. Wani malamin coci a Turai mai suna Theophilus, a littafin sana'o'in da ya rubuta a ƙarni na 12, ya ba da shawarar a tsoma kayan aiki cikin fitsarin akuya don su fi tauri. Maƙeranmu ma kowa da abin da yake zubawa a ruwansa, wanda ba ya faɗa wa baƙo. Ni dai ina ganin inda asiri ya yi yawa a sana'a, akwai wani abu a wurin da ba a samu ma'auninsa ba, kuma a nan abin shi ne zafi.

Wannan matsalar ce aka yi wa magani fiye da shekara ɗari da suka wuce. Frederick Taylor da Maunsel White, a kamfanin ƙarfe na Bethlehem da ke Amurka, sun fito da hanyar sarrafa ƙarfen da ke ci gaba da yanka ko ya yi zafi, suka nuna shi a baje kolin Paris na 1900. Jikokinsa ne ake buga wa haruffan HSS a jikin bakin injin huda. Ƙarfen magagari yana fara sakin taurinsa da zafi ya wuce digiri 200. Shi wannan yana riƙe nasa har sama da 500. Ga ɗan koyo bambancin ba ƙarami ba ne. Ya kai tsinken magagari gaban giranda, ya ɗan daɗe da ƙiftawar ido biyu, bakin ya yi shuɗi, duk wahalar ban ruwa ta tashi a banza. Ya kai HSS, ya yi wannan kuskuren, ƙarfen ya yafe masa. An riga an taurara shi a masana'anta, a tanderu mai ma'auni. Duhu ɗaya cikin uku ya yaye ke nan.

Dattijo yana iya cewa sayen kayan nesa ragwanci ne. Ban yarda ba, balle a Lafiya. Garin da kasuwarsa ta yi suna a ƙasar Binuwai tun zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, har aka buɗe hanyar fatake zuwa Loko a bakin kogi, bai kamata ya ɗauki saye abin kunya ba.

To amma daga nan masu saye suke zarcewa, kuma a nan nake rabuwa da su. Daga "sayi ƙarfe mai kyau" sai su tsallaka zuwa "sayi akwati". A intanet za a nuna maka jerin alƙaluma goma sha biyu cikin kyakkyawan kwali, kowanne da lambarsa. Ɗan koyo ba ya bukatarsu. Guda mai gefe huɗu, wanda ake kwantar da shi a kan kusurwa ya yanka kwari mai digiri 90, shi zai yi masa layi da harafi da ganye na tsawon watanni. In ya ƙara da guda mai faffaɗan baki, irin sukurdireban Agadas, wanda ake girgizawa hagu da dama ya bar zane mai haƙora-haƙora, ya gama sayayya. Sauran goman za su kwanta a kwali suna tsatsa da damina. Kuma akwati mai araha ba ya faɗa maka irin ƙarfen da ke ciki, ka ga an koma cikin duhun da aka gudo.

Haka batun kabaid, ƙarfen da aka ƙirƙiro a Jamus cikin shekarun 1920. Ya fi HSS tauri nesa ba kusa ba, shi ya sa talla ke yabonsa. Abin da talla ba ta faɗa shi ne dutsen washi na yau da kullum ba ya cinsa, sai faranti mai ƙurar daimon, kuma yana da gautsi: hannun da bai nutsu ba zai riƙa ɓantare masa baki. Alƙalamin da ba ka da abin wasa shi, ranar farko kawai yake naka. Injinan da ke tura alƙalami da iska, irin na GRS ko na Steve Lindsay a Nebraska, aikinsu ba magana, amma suna son kwamfuresa, kwamfuresa na son wuta. An buɗe babbar tashar rarraba lantarki a Akurba da ke Lafiya a 2022, duk da haka ban ga mai hankalin da zai ɗora koyon sana'arsa a kan soket ba, balle kuɗin injin ya isa buɗe shago.

Abin da ɓangarorin biyu suka tsallake shi ne HSS ba sai an je Kansas ba. Shagunan da makanikai ke kai kirankishaf da sauran ƙarafan da ake sassaƙawa a injin mai juyi suna aiki da 'yan sandunansa masu gefe huɗu, kuma masu sayar musu da kaya suna da ƙanana. Karyayyen bakin injin huda ma yana yi, sai dai a sani cewa gindinsa, wajen da injin ke kamawa, sau da yawa ba a taurara shi kamar gaba ba. Jabu kuwa giranda ke tona masa asiri. Ƙarfen magagari yana watsa tartsatsi mai haske mai fashewa reshe-reshe. HSS na gaske tartsatsinsa kaɗan ne, ja mai duhu, ba ya fashewa sosai. A gwada kafin a biya. Ƙota kuwa aikin kafinta ne: ɗan dunƙulen katako da zai zauna a tsakiyar tafi, a shafe ƙasansa don kada ya taɓa aikin, a yanke ƙarfen yadda tsini zai ɗan wuce babban yatsa kaɗan in an riƙe.

Akwai kuma wani abu da mai oda daga waje ba ya sani sai kwali ya iso: alƙalumman gargajiya ba sa zuwa a shirye. Sai ka rage tsawonsu, ka sa ƙota, ka fitar da baki da kanka. Ko da ya zo a wase, kafin a tashi aiki ya dakushe. Wanda ya saya da wanda ya ƙera duk a gaban dutse ɗaya za su durƙusa, kuma a nan gardamar gaske take.

Bakin alƙalami mai gefe huɗu fuskoki uku ne. Akwai babbar fuska a gaba, wadda aka saba yi wa digiri 45 don azurfa da tagulla da jan ƙarfe. In ƙarfen aikin ya fi tauri a ɗaga ta zuwa 55, kaifi ya ragu amma tsini ya ƙara ƙwari. Sai 'yan ƙananan fuskoki biyu a ƙasa, dunduniya, masu ɗagowa kamar digiri 15. Su ne sirrin da mai kallo ba ya gani. Ba dunduniya, alƙalami nutsewa kawai yake yi, kuma yatsunka na gogar aikin. Da ita, sai ya hau kanta ya tafi, ka ɗaga hannu ya shiga, ka sauke ya fito. Amma gajera ake so, ƙasa da rabin milimita. In ta yi tsawo, duk sanda aka zo lanƙwasa sai bayanta ya ja ya karce gefen layin. In ɗaya ta fi ɗaya girma, alƙalamin zai riƙa janka gefe guda kana zaton hannunka ne.

Dattawa sun ce a yi wannan da hannu a kan dutse, yatsa ya koyi kusurwa har ya daina tunani. Suna tsoron hannun da ya saba da abin jingina ba zai taɓa tsayuwa da kansa ba. Suna da gaskiya ta fuskar sauri: gwani a tsakiyar aiki zai juya ya goga sau huɗu ya dawo, kafin mai na'ura ya gama ɗaure sukurori. Matasa kuma sun ce hannun sabo yana rawa, kowace gogawa da tata kusurwar, fuskar da ya kamata ta zama shimfiɗaɗɗiya sai ta yi tudu, kuma fuska mai tudu ba ta yanka, turawa take yi. Suna son na'urar da ke kulle alƙalami a kusurwa ɗaya, yau da gobe da jibi. A nan ma ina ganin matasa sun fi kusa da daidai, saboda dalilin da na ambata a baya: hannu ba zai koyi abin da bai taɓa ji ba. Yaron da ya yi wata uku yana yanka da baki mai kyau, ranar da aka ɗauke masa abin jingina ya san abin da yake nema. Wanda ya fara da hannu zalla yana neman abin da bai san kamanninsa ba, sai fa in yana da maigida a gefe da zai karɓa ya duba ya ce "sake." Irin wannan maigidan, a aikin yanka, ba a kowace unguwa yake ba.

Sai dai na'urar ba lallai ta zo daga Amurka ba. Ninka takarda mai gefe huɗu daidai daga kusurwa zuwa kusurwa, ka samu digiri 45. Kai wa kafinta ya yanka maka ɗan katako mai wannan gangaren, ya tsaga kwari a tsakiya inda ƙarfen zai kwanta a kan kusurwarsa, ya sa sukuru ɗaya na matsewa. Nemi gilashin taga mai kauri, domin ya fi yawancin duwatsun kasuwa shimfiɗuwa, dutsen wasa wuƙa na kicin kuwa ya riga ya yi rami a tsakiya. Wajen masu fentin mota akwai samfefa ta ruwa: lamba 400, 800, 1200, har 2000. Jiƙa ta, shimfiɗa a rabin gilashin, katakon ya zame a ɗaya rabin, bakin ƙarfen yana gogar takardar. Kusurwar da ke sama ita za ta zama tsini. Fara da 400 har fuskar ta zama ɗaya daga gefe zuwa gefe, sannan ka hau lambobin ɗaya bayan ɗaya, kana jawowa baya don kada tsini ya yaga takardar. In fuskar ta yi faɗi, rage saman ƙarfen a giranda; ƙaramar fuska ta fi saurin wasuwa, kuma ba ta tare maka ganin layi.

Dunduniya kuwa, juya alƙalamin, kwantar da ɗaya daga gefunan cikinsa a kan lamba 2000, ɗaga bayansa. Lissafin mai sauƙi ne: a tsawon santimita 10, ɗagawar santimita 2 da rabi ta ba ka kusan digiri 15. Sa ɗan katako mai wannan kaurin a ƙarƙashi. Ja sau biyu ko uku, ba dannawa, ka juya ɗaya gefen ka ja daidai adadin. Sannan gwaji. Ɗora tsinin a kan farcen babban yatsa ka ɗan tura: in ya kama ya tsaya, ya yi, in ya zame, koma. Ka kuma juya shi a hasken rana. Tsini mai kaifi ba ya mayar da haske. Da ka ga ɗan ɗigo yana ƙyalli a ƙarshensa, wurin ya mutu. Samfefa tana da aibinta, tana ɗan lotsawa ta zagaye baki, kuma tana ƙarewa. Wanda sana'ar ta fara ba shi kuɗi, abu na farko da ya cancanci ya yi odarsa shi ne dutse mai laushi na ƙwarai, irin na Arkansas, ko farantin daimon, tun kafin ya ƙara alƙalami ko ɗaya.

To ina aka bar maƙera? Ba a bar ta ba, an jinkirta ta ne. Bayan hannu ya zauna, yaro zai fara jin bukatar bakin da ba a sayarwa: siriri don cikin zobe, mai lanƙwasa don gindin kofi, ƙarafan bugu masu tauraro da da'ira don cike fili irin na Bida. Waɗannan duka aikin wuta ne, kuma ƙarfen magagari ya fi dacewa da su, domin HSS ba ya ƙeruwa a wutar gawayi yadda ake so, ban ruwansa na son zafin da ya wuce digiri 1,100 da ma'auni. A lokacin ne zuwa wurin dattijo zai yi amfani, don yanzu yaron yana da abin kwatantawa: ya tsoma, ya wasa, ya yanka, cikin minti biyar ya san ko ƙarfen ya yi. Ranar kuwa ya je da ladabi, ya durƙusa ya ce "Baba, na zo koyo ne," ya bar zancen digiri a gida, domin idon da ya shekara arba'in yana kallon wuta ya riga mayen ƙarfe sanin lokaci.

Abin gwaji a watannin farko ya zama jan ƙarfe ko tagulla. Alminiyom ya fi sauƙin samu, amma yana da danƙo, yana liƙewa a tsini. Ɗigon kananzir yana rage hakan. A ɗora aikin a kan 'yar jakar fata mai yashi, hannun hagu ya riƙa juya shi zuwa ga alƙalami in an zo lanƙwasa, kuma yatsun hagu su zauna ƙasa da hanyar tsini kullum.

Saura abu ɗaya da zai faru tun kafin ɗan koyo ya shirya. Wani zai shigo da farantin silba, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ko allon buɗe gini na irinsa, ya ce gobe da safe ake so. Wannan ƙarfen yana ƙara tauri a daidai inda ake yankansa, yana cin bakin magagari nan da nan, yana gajiyar da HSS, kuma ko gwanaye sukan koma ga guduma da kurfi ko injin iska a kansa. A nan dattijo da matashi ba su da abin ba yaro. Ya ce wa mai kayan, "Ranka ya daɗe, wannan aikin injin leza ne," ya kwatanta masa inda ake yi, sannan ya tambaye shi ko akwai zobe ko tagulla a gida.